Shekarar da Ruwa Ya Ci Gindin Tudu

Shekaranjiya jikata ta shigo gida da tsingaro a hannu, guntun fasasshiyar tukunya mai ɗan zane a bakinsa. Ta ce a bayan layinmu ta tsince shi, inda ake tonon harsashin wani gida. Ban san lokacin da na saki tsintsiyar hannuna ba. Na ce ta juya ta mayar da shi daidai inda ta ɗauko. Uwarta ta yi dariya, ta ce, "Mama, tukunyar da wata ta fasa bara ce fa." Wataƙila gaskiyarta. Cikin Funtua muke, ba ƙauye ba, kuma ban taɓa jin an ce akwai kushewa a unguwar nan ba. Duk da haka sai da na nemi wuri na zauna. Bari in gaya maka dalili, mai karatu. Zan faɗi abin da na tuna, inda ban tabbata ba kuma zan ce ban tabbata ba, don ina tsoron in ɗora wa waɗanda suka rasu abin da ba su yi ba.

A wani ƙauye aka haife ni, tsakanin Malumfashi da Kafur. Babbar gonarmu tana gabas da gari. Daga jigawa ta faro, ta gangara a hankali har bakin rafi. Can ƙasa-ƙasanta, kafin a kai rafin, akwai tudu. Ba dutse ba ne, ba kuma suri ba. Tulin ƙasa ne mai faɗi, ya fi ɗaki tsawo, a kife kamar ƙwarya, sabara da geza sun lulluɓe shi. Duk wanda ya dube shi ya san hannun mutane ne ya tara shi. Akwai irinsa jefi-jefi a ƙasarmu, amma namu ya fi girma, kuma da shi matafiya ke kwatance. Tudun mutanen da muke ce masa. Manya sun ce mutane ne kwance a cikinsa, tun kafin a kafa garin, tun kafin a san salla a wannan yanki. Ba a hawansa. Ba a yin itace a kansa, ba a ɗibar ƙasarsa don yaɓe. In ruwa ya fito da tsingaro a gefensa, ba a kai shi gida, turbuɗe shi ake yi a wuce.

Gonar nan ba gadonmu ba ce tun asali. Uban kakana baƙo ne, daga arewa ya zo a wata shekarar yunwa, da matarsa da jaki. Wani gidan Maguzawa da ke gangaren gari suka ba shi wurin. Ba su karɓi komai a hannunsa ba, sharaɗi guda suka kafa masa: ya noma ya ci, shi da zuriyarsa, amma ranar da ƙashin mutanen cikin tudu ya ga rana, gona ta koma hannunsu. Da baki aka yi maganar, da baki kuma aka riƙa gadonta. Daga baya mutanen gidan gangare suka shiga addinin Kirista, suka bar kai wa tudun abin da kakanninsu ke kai masa, amma sharaɗin yana nan yadda yake. A lokacin da nake ba ka labari, mai gidan gangare tsoho ne sa'an kakana. Tare suka yi kiwon awaki suna yara.

Saboda wannan sharaɗi ne huɗar gonarmu ta bambanta da ta kowa. In ba ka san noma ba, huɗa ita ce tara ƙasa jeri-jeri a yi kunyoyi don shuka ta tsaya a kai, kwarin da ke tsakaninsu kuma shi ruwa ke bi. Kunyoyin mutane a miƙe suke. Namu kuwa, in sun kusa tudu, sai su lanƙwasa su zagaye shi, wata bayan wata, kamar yadda ake naɗa gammo. Ruwan da ya gangaro daga jigawa sai ya rabu biyu, ya bi dama da hagu ya faɗa rafi, bai taɓa gindin tudun ba. Da garmar hannu kakana ke yin wannan aiki, yana cin lokaci, yana cin baya. Babana ya tsane shi. Ba don shi mutumin banza ba ne, Allah ya jiƙansa. Bakin da yake ciyarwa ne ke da yawa, kuma yana gani maƙwabta sun gama huɗa sun koma maimai, wato noma na biyu, shi yana nan yana zagayen tudu.

Ni kuwa tun ina ƙarama mai zullumi ce. In na ɗaure akuya sai na koma na duba igiyar. In na rufe tukunya sai na dawo na taɓa murfin. Kakana, da yake wasan jika ne tsakaninmu, amarya yake kirana, in kuma yana son ya tsokane ni sai ya ce uwar zullumi. Yakan ce da ni ce sarkin gari, da an hana hadari tasowa sai ya nemi izini.

A shekarar da nake aji huɗu a firamare, abu biyu suka haɗu. Ciwon gwiwa ya kwantar da kakana tun ruwan farko, daga ɗakinsa sai zaure. Babana kuma ya samu shanun huɗa, karon farko a gidanmu. Na tuna murnar da aka yi ranar da aka shigo da su, da warin sabon ƙarfen garmar. To amma shanu ba sa son lanƙwasa. In aka juya su a tsakiyar kunya sai garma ta tsalle ta ɓata aiki. Babana ya gwada, ya gaji, sai ya miƙe kunyoyin tun daga jigawa har ƙasa. Waɗanda ke saitin tudu suka je suka tsaya a gindinsa, kwarinsu duk ya buɗe baki yana kallonsa. Ya ce shekara guda ba za ta yi komai ba. Kowa a gidan ya sani, babu wanda ya gaya wa kakana. Dawa kuma ta yi kyau irin wanda ban taɓa gani ba, kore shar, har mutane na tsayawa kallo.

Sai marka ta kama. Wanda ya zauna ƙauye ya san wannan lokaci: ruwa ba dare ba rana, tufafi ba sa bushewa, itace sai hayaƙi, rumbu kuma ya kusa ƙasa. Tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba. Innata takan leƙa rumbu ta sauko, tuwon kuma yana ƙara ƙanƙancewa a kwano.

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, aka aike ni in kai wa babana ɗumame a gona. Hanyar ta bi ta kusa da tudun. Kullum in na zo wurin kaina a ƙasa nake wucewa, ina karanta abin da na iya. Ranar sai na ga hanyar ta yanke. Ruwa ya haƙa rami mai zurfi a gindin tudun, ja wur kamar an yanka nama. A jikin bangon ramin, rabin wata babbar randa ya fito waje, rabi yana cikin ƙasa. Ba irin randarmu ba ce, ta fi kauri, an kife mata wata tukunyar a baki. Ta tsage a gefe. Rana ta ɗan leƙo a daidai lokacin, haskenta ya shiga tsagar, na hango wani abu mai ruwan ƙasa-ƙasa, a lanƙwashe, sumul.

Babana ya fito daga cikin dawa da rassan sabara a hannu. Ashe ya riga ni gani, rassan yake sarowa don ya rufe. Ya dube ni, ya dubi randar. Bai yi tsawa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya karɓi kwanon, ya durƙusa daidai tsawona, ya ce, "Ba ki ga komai ba. Kin ji ko? In maganar nan ta fita, ba mu da gona." Na gyaɗa kai.

Shirinsa shi ne ya rufe da rassa da ƙasa, a lallaɓa har kaka, in rani ya yi ya cike ramin da duwatsu ba wanda ya sani. Amma duk ƙasar da ya zuba, ruwan gaba sai ya kwashe ta, ya ƙara da wata. Ni ke kai abinci, don haka ina ganin ramin yana faɗaɗa. Na daina cin abincin kirki. In na ga gabas ta yi duhu sai in kasa ɗauke ido daga kanta. Ina lissafi irin na yara: in na yi shiru, ruwa zai fasa randar ya watsa mutumin da ke ciki a rafi, inda mata ke wanki, kowa ya gani, gona ta tafi. In na yi magana, na saɓa wa ubana, gona kuma ta tafi. Banda ita ba mu da komai sai wani ɗan fili a jigawa da ko geron kunu ba ya bayarwa. Na riƙa duban ƙannena suna lasar kwano, ina jin kamar ni ce zan ƙwace musu.

Ni ke kai wa kakana kunu a zaure da hantsi. Ranar da abin ya fashe, na ajiye masa na juya zan tafi, sai ya ce amarya ta daina hira da mijinta, ko ta samu saurayi ne. Ban yi dariya ba. Ya ce ya lura kwanan nan idona kullum yana gabas. Ya kurɓi kunun, ya ajiye ludayi, sannan ya tambaye ni a hankali.

"Ruwan nan da ake yi, ina yake bi a gona?"

Na ce ban sani ba. Ya share ƙasar gabansa da tafin hannu, ya ɗora ɗan dutse a tsakiya, ya ce wannan shi ne tudu, in zana masa yadda kunyoyin bana suka kwanta. Na tsaya ina tunani. Babana ya hana ni faɗin abin da na gani a rami, bai ce komai a kan kunyoyi ba. Na sa yatsa na ja layi a miƙe har jikin dutsen. Na ja wani. Na ja wani. Kakana ya daɗe yana kallon zanen.

"Me kika gani a gindinsa?"

Na ce, "Baba ya ce ban ga komai ba." Sai kuka ya ƙwace mini.

Aka kira babana daga gona. Ba a kore ni ba, ina jin sun manta da ni ne a lungun zaure. Babana bai yi musu ba. Ya ce kuskure ne ya yi shi, kuma zai gyara. Ya roƙi kakana ya ba shi zuwa kaka. Ya ce randa ce kawai, ba ta fashe ba, babu wanda ya sani sai mu, kuma mutanen gidan gangare su kansu sun bar al'adar tudun tun tuni. Ya lissafa masa yaran gidan ɗaya bayan ɗaya, ya ce wa zai ciyar da su. Ban taɓa jin babana yana roƙo ba sai ranar. Kakana ya bar shi ya gama, sannan ya ce, "Ka ce ba wanda ya sani. Ni fa?" Ya ce a ɗaura wa jaki akumari, gidan gangare zai je.

Babana ya ƙi raka shi. Ya ɗauki garmarsa ya fita bai dubi inda nake ba. Kakana ya ce da ma da ni zai tafi, tunda idona ne ya gani. Bayan azahar muka kama hanya, yana bisa jaki yana cije baki saboda gwiwa, ina gefe ina riƙe da sandarsa. Iska ta tsaya cak. Zafi mai ɗanko ya sauko, irin wanda ke zuwa kafin babban ruwa, can gabas kuma hadari ya fara haɗa gindi.

Mun tarar da tsohon gidan gangare a ƙarƙashin ɗorawa yana tufkar igiya. Da ya ga kakana sai ya washe baki, ya ce ashe gurgun yana raye, shi da ya fara shirin zuwa gaisuwa. Kakana ya ce ba zai riga shi ba, sai ya ci gumbarsa. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, gida da iyali da ruwa da gwiwa, ni kuwa ina jin kowace kalma tana cin lokaci, ina satar kallon sama. Da aka gama, kakana ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya faɗi abin da ya kawo shi. Bai ɓoye laifin ɗansa ba, bai kuma tsine masa ba.

Hannun tsohon ya tsaya a kan igiyar. Babban ɗansa, wanda ke gyaran ƙotar fartanya a gefe, ya matso. Ya ce magana ai a fili take, kakanni sun yanke ta, su ma ga 'ya'ya sun yi yawa gonaki sun yi kaɗan. Ban ga laifinsa ba, ko a lokacin. Gaskiya ya faɗa. Tsohon ya kira ni da hannu, ya ce in matso.

"'Yar nan, randa kika gani, ko har da abin da ke ciki?"

Na dubi kakana don ya ba ni alama. Ya kawar da kai yana kallon jakinsa. Na san in na ce randa kawai, maganar ta mutu, don sharaɗin ƙashi ya ambata, bai ambaci tukunya ba. Na kuma san abin da haske ya nuna mini. Na ce randar ta tsage, rana ta shiga, na ga wani abu. Na ce ban tabbata ba, amma ya yi kama da ƙashi. Ina faɗa na ji kamar na ɗauki rumbunmu na kife a rafi.

Tsohon ya miƙe, ya yafa bargonsa, ya ce 'ya'yansa su ɗauko fartanyu su biyo shi.

Kafin mu isa gona an fara cida. Mun tarar da babana a bakin ramin, jikinsa duk jar laka, ya tara duwatsu shi kaɗai. Da ya ga taron sai ya sunkuyar da kai. Tsohon ya ce kowa ya tsaya a nan. Ya sauka ramin da kansa, yana dafa bango, ya janye rassan. Ya cire hula. Ya jima a tsugune, mu ba ma ganin komai sai bayansa. Sannan ya warware bargonsa ya lulluɓe randar da shi, ya cusa gefe-gefen kamar mai rufe jariri. Da aka jawo shi sama, ɗansa ya tambaye shi abin da ya gani.

Ya ce, "Yarinyar ba ta yi ƙarya ba. Gona ta dawo hannuna."

Na ga innata a raina tana leƙa rumbu. Babana ya zauna a kan dutse.

Tsohon ya ci gaba. Ya ce shi ma bai san ko su wane ne a cikin tudun nan ba. Kakansa ya tarar da shi ne, aka ba shi amanarsa, shi ma ya ba na bayansa. Ya ce tunda gona tasa ce yanzu, ga abin da ya yanke. Duk dawar da ke saitin tudu, daga gindinsa har waccan kaɗanyar, a tumɓuke ta yanzun nan, a tare ruwa kafin ya sauko. Wannan yanki kuma ba mai sake noma shi, ko mu ko su. Sauran gonar ya mayar wa kakana a kan sharaɗin farko, da ƙari guda: kunya ta zagaya, ko da shanu ko ba shanu. Ɗansa ya buɗe baki zai yi magana, tsohon ya ɗaga masa hannu. Sai ya nuna ni da haɓa.

"Kowace damina wannan zan tambaya. Ita ba ta iya rufewa ba."

Ba a samu lokacin godiya ba, don iska ta riga ta taso. Maza suka faɗa cikin dawa. Ta kai ƙirji, ta kusa fitar da kai, ita ce mafi kyau a duk gonar. Na ga babana yana tumɓuke ta da hannu biyu yana jifa, bai yarda ya dubi kowa ba. Wasu suka shiga sare kunyoyin da garma, suna tara ƙasa a gicciye, doguwar ganuwa mai lanƙwasa da za ta raba ruwa biyu kamar da. Wasu suna miƙa duwatsu hannu da hannu ana jerawa a jikin randar. Tsofaffin biyu suna tsaye kafaɗa da kafaɗa, kakana ya dogara da sanda, suna nuna inda lanƙwasar za ta bi, suna gardama a kai kamar yara. Ni aka ba ni jaki in riƙe.

Ruwa ya sauko ba a gama ba. Ya zo da ƙarfi har ba na ganin kaɗanyar. Ba a jima ba na ji wata ƙara daban da ta sama, ƙarar ruwan da ya taru a jigawa yana gangarowa ta cikin kwari, ja, da kumfa, ɗauke da karare. Ya zo ya daki sabuwar ganuwar. Ya tsaya yana taruwa, yana hawa. Ƙasar sabuwa ce, ba ta kama jiki ba. A tsakiya, daidai saitin randar, ta fara narkewa, wani siririn ruwa ya ratsa ya nufi ramin. Na yi ihu, ban san ko an ji ni ba. Babana ne ya fi kusa. Ya rungumo dawar da ya tumɓuke ya cusa a ɓarakar, ya danne ta da gwiwoyinsa da ƙirjinsa, ya kwanta a kai. Babban ɗan tsohon, wanda ɗazu ke neman gonar, shi ya riƙa zuba masa ƙasa a gefe da garma. Ruwan ya yi ta dukan bayan babana. Sannan a hankali ya karkata, rabi ya bi dama, rabi ya bi hagu, ya zagaye tudun ya faɗa rafi.

Bayan an ɗauke aka cike ramin, da bargon a ciki. Ba a yi salla ba, ba a yi addu'ar coci ba. Kowa ya yi shiru ne na ɗan lokaci, kansa ba hula, sannan aka watse.

Mun ji jiki a shekarar. Abin da aka tumɓuke ya yi mana giɓi, har rani muna haɗawa da rogo da ganyen tafasa. Babana bai buge ni ba, bai kuma taɓa tayar da maganar ba, amma ya daina aikena, ƙanwata ce ta koma kai masa abinci. Wannan ya fi mini duka ciwo. Sai da damina ta zagayo, wata safiya ya tsaya a ƙofar ɗakin innata ya ce in ɗauko kwano in biyo shi. Na tarar ya yi huɗar sama da shanu, ta ƙasa kuma da garmar hannu, ta lanƙwasa tsaf. Ya bar ni na zagaya na duba, na koma na sake dubawa. Tsohon gidan gangare kuma bai fasa ba. Duk shekara in marka ta kama sai ya aiko a kira ni, ya tambaye ni inda ruwa ke bi, har bayan an kai ni ɗakin miji. Mutane suna cewa ya girmama ni. Ni dai na san tun daga ranar ban sake jin ruwan sama ya yi mini daɗi kamar sauran mutane ba.

Duk waɗannan mutane sun rasu. Bayan na yi aure wasu malamai daga jami'a sun zo sun auna tudun, sun tsinci tsingaro a gefensa, suka ce ya girmi abin da muke zato nesa ba kusa ba. Suka kafa allon ƙarfe, yanzu ya yi tsatsa ba a iya karanta shi. Masu babur sun mayar da wurin tasha, sai ka ji fasinja ya ce a sauke shi a tudu, bai san ko su wa yake ambata ba. Na ji an ce irinsa da yawa a wasu garuruwa masu tonon kayan da sun farke su sun bar ramuka. Namu yana nan, don gida biyu ne ke kallonsa. Amma jikokin gidan gangare yawancinsu sun koma birni, gonarmu kuma tana hannun 'ya'yan ƙanena. Tarakta suke haya. Tarakta ta fi shanu ƙin lanƙwasa, mai ita kuma sauri yake yi ya tafi wata gonar. Babu wanda ke aikowa a tambaye ni yanzu. Ni ce nake tambaya.

Shekaranjiyar nan, da kaina na raka jikata bayan layi. Ta ajiye tsingaron, na tura masa ƙasa da ƙafa, magina suna kallonmu suna murmushi. A hanyar dawowa na ga gabas ta fara duhu. Ina shiga gida na sa aka kira mini babban ɗan ƙanena a waya. Muka gaisa, ya ce Gwaggo an fara ke nan, bana ma ba za a bar su su huta ba. Na ce ya bar wasa, ya gaya mini, ruwan nan da ake yi, ina yake bi a gona?

Ya ce lafiya lau, kada in damu. Amma kafin ya faɗa sai da ya yi shiru, kuma na san irin wannan shirun, na taɓa yin sa a zaure. Na riga na ɗaure kayana. Gobe da safe zan shiga motar Malumfashi.